Kwantiragi da Miyar Kuɓewa

Wanda bai taɓa koyarwa a jami'a bisa kwantiragi ba, don Allah kada ya tare ni da labarin hawan jini. Ni na yi, a farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin, lokacin da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Aikin shekara ɗaya ake ba ka, in ta ƙare a duba ko za a ƙara maka wata. Da damina ta faɗi, manomi yana duban sama, kai kuma kana duban fuskar shugaban sashe ka ga ko hadari ya haɗo. Ɗalibai suna ce maka Malam, masinja yana ce maka Malam, amma kai ka san malantar taka tana da ranar ƙarewa a rubuce.

Sashenmu na nazarin al'adun ɗan Adam ne. Na taɓa gwada yi wa Kakata bayanin abin da nake koyarwa. Na ce mata muna zuwa garuruwa ne mu zauna da mutane, mu ga yadda suke aure da suna da rabon gado, wa ya haifi wa, wa ba ya ga-maciji da wa, sannan mu rubuta. Ta kalle ni, ta riƙe haɓa ta ce, “Au, gulma? Yanzu gulmar ce har da albashi? Ni da na tsufa ina yin ta kyauta!” Har gobe ban samu bayanin da ya fi nata ba.

Mu biyu ne 'yan kwantiragi a sashen. Ofis ɗaya aka ba mu, tebur ɗaya, kujera biyu, ɗaya mai lafiya, ɗaya mai ƙafa uku da bulo. Wanda ya riga zuwa shi ke hawa mai lafiyar. Abokin zaman nawa Bayarabe ne, Musulmi, ɗan wani Alhaji mai shagon yadi a kasuwar Funtuwa. A nan aka haife shi, a nan ya yi wasan ƙasa, Hausarsa kuwa ta fi tawa gishiri. In ya zage ka, sai ka isa gida ka tuɓe riga kafin ka gane zagi ne. Ni kuma Bahaushe ne Kirista, jikan Maguzawa, daga wani ƙauye a bayan Dayi, ƙasar Malumfashi. Makarantar mishan ce ta tsamo ni daga gonar auduga.

Tare muke cin abincin rana a wata bukka bayan jami'a, kuma shi ya koya mini amala da miyar kuɓewa. Tun ina yaro ba na shan kuɓewa. Yauƙin nan ke tayar mini da zuciya, kowa a gidanmu ya san haka. Amma yunwar gwauro ba ruwanta da tarihi. Na fara da toshe hanci, na ƙare da suɗe kwano, har mai bukkar ta daina tambayata wace miya za a zuba.

A shekarata ta biyu aka kawo mana sabon shugaban sashe, wani dogon Bature, Farfesa, wanda ya yi bincikensa cikin masunta a wasu tsibirai can ƙarshen duniya. Hausarsa ba ta wuce “sannu” da “madalla” ba, su ɗin ma inda ya ga dama yake ajiye su. Shi ma fa ɗan kwantiragi ne, sai dai nasa kwantiragin yana da gida da mota da kuku. Wata safiya ya kira mu biyu ya ce kuɗi sun yi ƙasa, baɗi mutum ɗaya za a riƙe. Wanda ya samar wa 'yan ajin ƙarshe ƙauyen da za su je su zauna lokacin dogon hutu, a karɓe su kamar 'yan gida su yi bincikensu, shi ne zai zauna.

Bayaraben ya ce shi ƙauyensa kasuwar Funtuwa ce, in ana so ga ta nan. Farfesa ya ce kasuwa ba ƙauye ba ce. Ni kuwa sai na bugi ƙirji. Na ce ranka ya daɗe, ƙauye ai ni ke da shi: gidanmu na nan, mahaifiyata na nan, kakata na nan, ɗalibai su zo ko da motar ɗaukar auduga ce. Ina magana ina satar kallon mutumin nawa, don a zuciyata na riga na gaje kujera mai lafiya.

Ashe Farfesa yana da tabo. Zuwansa ƙasar nan ke da wuya, tun kafin a kawo mana shi, wani malami ya yi masa irin wannan alkawari, ya kai shi wani ƙauye wajen Maska ya nuna masa wani dattijo ya ce kawunsa ne. Da ɗalibai suka isa da tabarmi da risho, dattijon ya ce shi kawuntakar yini ɗaya aka roƙe shi, ba ta dogon hutu ba. Da ƙafa suka fito titi. Tun daga nan Farfesa ya kafa doka: zai je da kansa, ya ji daga bakin mutanen gida cewa ni ɗansu ne. Ni ba zan yi magana ba, ba zan yi tafinta ba. Bayaraben ne zai fassara, kalma da kalma, ba ƙari ba ragi.

Na ce na yarda, har da dariyata. Jama'a, ni ne fa mai koyar da darasin dangantaka! Lacca guda nake yi a kan kunyar ɗan fari: yadda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna shi a cikin mutane, ba ta ma yarda a ga ta san da zamansa. Na rubuta a allo, na ba da jarrabawa a kai, na kayar da waɗanda suka kasa. Amma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa darasin da ƙafafunsa yake jirana a gida.

Ni ɗin ɗan fari ne. A ɗakin Kaka, uwar mahaifiyata, aka haife ni, da aka yaye ni kuma aka bar mata ni. Mahaifiyata “Yaya” nake ce mata, don haka na taso na ji ƙannenta suna kiranta. Bayan rasuwar babanmu ta dawo gidan da zama, Kawu ma ya rasu, babban ɗansa, wato taubashina, ya zama mai gida. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Wancan” ne ni, da na shiga jami'a na samu ƙarin girma na zama “mutumin birni”. In na shigo tsakar gida, nan take wani aiki zai taso mata a madafa. Ranar da zan tafi karatu ta soya gyaɗa cike da ƙwarya ta ba Kaka ta ba ni, ta ce wai ragowa ce, kada ta lalace.

Ranar wata Asabar muka kama hanya a tsohuwar motar sashe, ruwa ya kwana yana zuba. Farfesa a gaba da direba, mu biyu a baya. Mun wuce Funtuwa ke nan, gonakin masara kore shar hagu da dama, sai Bayaraben ya juyo ya ce da ni, kamar abin bai dame shi ba, “Af, wai kai na nawa ne a ɗakinku?”

Na ce, “Ni ne na fari.”

Murmushi kawai ya fara, a hankali, har ya kai kunne. Sannan ya gyara zama ya zura hannu ta taga yana shan iska. A nan na tuna da laccata. Na ce a raina na shiga uku, wanzami ya zo hannun masu jarfa. Daga Malumfashi har Dayi addu'a nake yi motar ta kafe a taɓo, amma tsohuwar banza, ranar lafiyarta ƙalau.

Muka tarar da gari wayam. Lokacin noma ne, maza duk suna gona, Fasto ya tafi taro Malumfashi, ƙannena kuwa sun watse, wasu aure, wasu makaranta. Taubashina kaɗai ke zaure yana jiranmu, don na aika masa. Kun san tsakanin ɗan mace da ɗan namiji: shi ubangida, ni bawa, haka aka gada, kuma shi bai taɓa yafe ko kwana ɗaya na wannan sarauta ba. Yana ganina cikin kwat da takalmi sau-ciki ya miƙe ya yi wa baƙi maraba da fara'a, ya juyo kaina ya haɗe rai.

“Kai, tuɓe takalmin nan. Yaushe bawa ya fara shiga gidan ubangidansa da takalmi?”

Na yi masa ido, na yi masa alama da baki. Ina! Ya sunkuya da kansa ya zare su ya zura ƙafafunsa masu taɓo a ciki. Farfesa ya ciro takarda da alƙalami, ya ce a tambayi mai gida mene ne tsakaninsa da ni.

“Wannan? Bawana ne. Gadonsa na ci.”

Bayaraben ya juya shi cikin Turanci tsaf, da murya irin ta mai karanta labarai a rediyo. Na buɗe baki, Farfesa ya ɗaga mini yatsa. Na rufe.

Aka yi mana iso cikin gida, aka shimfiɗa tabarma a gindin rumbu. Kaka ta fito tana dogara sanda. Ita dai ta shiga majami'a tun zamanin Turawan mishan, amma bakinta a waje ta baro shi. Farfesa ya ce mata sannu, ta ce masa sannu, ya sake ce mata sannu, ta ce da Bayaraben, “Ɗan nan, iyakar guzurinsa ke nan?” Sai aka nuna ni aka tambaye ta ko ta san ni.

“Yo ba dole in san shi ba? Mijina ne. Ragon miji, Allah ya haɗa ni da shi. Shekara guda ke nan bai leƙo ɗakina ba, ba cefane, ba turmin zane. Kai, tambayar mini Baturen nan ko yana da mata. In babu, yau ɗin nan in kashe auren wannan in bi shi.”

Mutumin nawa bai zubar da ko wasali ba. Farfesa ya yi ja har wuya, ya lalubo cikin guzurinsa ya ce, “Madalla.” Kaka ta rangaɗa guɗa ta ce an ba da ita ke nan.

Duk wannan ban karaya ba tukuna, wasa ne, ana iya warware shi. Abin da nake tsoro shi ne wadda ke tahowa da kwanon ruwan sha. Yaya ta ajiye ruwan, ta koma nesa ta durƙusa, ta ba gefen da nake baya. Ita mace ce ta zumuntar matan majami'a, ko da wasa ba ta ƙarya, duk garin an shaide ta. Na ce to, yau za a ga yadda gaskiya da kunya za su raba gari.

Farfesa ya ce a tambaye ta 'ya'yanta nawa. Ta ce, “Allah ya ba mu, mun gode.” Ya ce a faɗi sunayensu. Ta fara daga ƙanwata mai bi mini, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har auta, da inda kowa yake. Shi kuma yana zana su a takarda yadda muke yi a sana'armu, mace da'ira, namiji dala, kowa da zaren da ya haɗa shi da uwarsa. Da ta kai ƙarshe ya ce, “Shi ke nan?” Ta kama tsinken tabarma tana ja. Sai ya nuna ni da alƙalami ya ce, “Wannan fa?”

Yaya ta dubi wata kaza da ke tono a bakin madafa, kamar kazar aka tambaya a kai. Ta ce, “Na tsohuwa ne.”

Bayaraben ya fassara. Farfesa ya gyaɗa kai ya ce lallai wannan ya yi daidai da abin da tsohuwar ta faɗa da bakinta. Ya tambaya yaya nake kiran wannan mata, taubashina ya yi caraf ya ce, “Yaya yake ce mata.” Na leƙa takardar. Ga Yaya da 'ya'yanta reras, gwanin sha'awa. Ga ni can gefe ni kaɗai, zare ɗaya ya ɗaure ni da tsohuwa, ɗaya ya ɗaure ni da ɓarawon takalmina.

Nan fa haƙurina ya ƙare. Na ja Farfesa bayan rumbu, ƙafata ba takalmi, na zazzage masa laccata kaf da Turanci: wasan taubasai, wasan jika da kaka, kunyar ɗan fari. Na ce ranka ya daɗe, rashin faɗar nan ita ce babbar shaida, da ba ita ta haife ni ba da tuni ta kira sunana. Ya saurare ni har na gama, don mutum ne mai ladabi. Sannan ya ce ya san ana irin wannan a duniya, ya karanta. Amma wancan malamin na Maska ma, duk tambayar da ya yi masa, al'ada ce amsarta. Ya ce, “Kana so in yarda ita ce mahaifiyarka saboda ta ƙi cewa ita ce. In haka ne, duk matan garin nan iyayenka ne.”

Wallahi na ji haushi, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da ɗalibi ne ya ba ni wannan amsa da na ba shi maki.

Na koma na raɗa wa taubashina cewa aikina ne fa a kan siraɗi, ya bar wasa. Ya kwashe da dariya ya ce, “Kai madalla! Dama gonar bayan rafi ta fi ƙarfina.” Na je wurin Kaka, ta ce in an kore ni ai ta huta, miji ya dawo gida. Su a ganinsu wa zai kori mutum daga aiki don an yi masa wasa? Farfesa kuwa yana kallona ina bin su da raɗa, sai ya ce daga yanzu maganar waɗannan biyu ba ta da amfani, tunda na gana da su. Saura mutum ɗaya da ban yi wa raɗa ba. Ita kuwa ko da kuɗi aka ce in yi mata raɗa ban san ta inda zan fara ba, tunda ni da ita ba mu taɓa zama mun yi hira ba.

Aka kawo abinci. Tuwon dawa ne da miyar ɗanyar kuɓewa, an yanka zabi biyu saboda baƙi, ƙamshin daddawa ya cika gidan. Ina ta haɗiyar yawu, sai na ga ɗan ƙaramin kwano a gefen gwiwata, miyar kuka ce a ciki, da cinyar zabo. Ba wanda ya ga lokacin da aka ajiye shi. Haka ake yi mini kullum in na zo gida, ban kuma taɓa gaya wa kowa cewa birni ya canza mini baki ba. Farfesa, da idonsa na sana'a, ya tambaya me ya sa miyata ta bambanta. Taubashina ya ce, “Yo bawa ya sa hannu a kwanon ubangidansa?” Aka fassara, aka rubuta. Na sunkuyar da kai na ci tuwona da kuka.

Da aka gama, Farfesa ya tashi ɗaukar hoton rumbuna, irin na wanda ya riga ya yanke hukunci yana neman abin da zai rage asarar mai. Bayaraben ya ce bari ya wanke hannu, ya zagaya bayan zanan da ya kare madafa. Ina zaune a jikin zanan, don haka duk abin da aka faɗa a kunnena ne. Ina jin Yaya tana kankare tukunya.

“Inna, sannu da aiki. Abinci ya yi daɗi, Allah ya saka.”

“Sannu ɗan nan. Ai ba a yi muku komai ba.”

“Inna, magana zan faɗa miki, ki yi haƙuri. Baturen nan ba yawon buɗe ido ya zo ba. In ya bar gidan nan bai ji wadda ta haifi mutumin birni ba, aikinsa ya tafi.”

Ƙarar kankarar tukunya ta tsaya.

“Korarsa za a yi?”

“A'a, a jami'a ba a kora. Shiru kawai ake yi wa mutum har ya gane hanya.”

“In ya tafi wa za a ba?”

“Ni.”

Na ji ta ajiye tukunyar. Sannan ta ce, “To kai me ya sa kake gaya mini?”

“Ni babana yana da shago, Inna. Shi kuwa in ya dawo nan, wancan azzalumin zai sa shi noma ba takalmi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Bai jira amsa ba ya fito yana yarfe hannu, ya wuce ni kamar bai san ina wurin ba. Ni kuwa kunya ta rufe ni, har da ta kujerar da na gaje a zuciyata.

Farfesa ya dawo ya rataya jakarsa, ya fara rabon sannu da madalla na bankwana. Matan maƙwabta sun dawo daga kai abinci gona, sun jeru a bakin katanga suna kallon Bature. Direba ya riga ya tayar da mota. Sai ga Yaya ta fito daga madafa, ta ja ɗankwali har gira, ta zo ta tsaya tana fuskantar rumbu, ba mu ba.

“Ɗan nan,” ta ce da Bayaraben, muryarta can ƙasa, “ka ce wa baƙo, ƙidayar ɗazu daga na biyu na fara.”

Ya fassara. Farfesa ya sauke jaka ya ciro takardarsa. Ya ce, “Na farkon fa? Ya rasu ne?”

“Allah ya kiyaye!” Ta faɗa da ƙarfin da ban taɓa jin ta yi magana da shi ba. “Yana nan da ransa.”

“Yaya sunansa?”

Matan bakin katanga suka daina motsi. Taubashina ya sunkuyar da kai yana kallon takalmina a ƙafarsa. Kaka ma, Kaka da bakinta, ta yi gum. Ina ganin bayan wuyan Yaya, zufa na gangarowa, hannunta ɗaya ya dafe jikin rumbu. Na so in ce a bar shi, aikin banza, a ƙyale ta. Wallahi na so. Amma an hana ni magana, kuma gaskiya ko ba a hana ni ba, ina son in ji.

Farfesa ya sassauta murya ya ce, “To a ina yake?”

Ta buɗe baki ta rufe. Ta sake buɗewa. Sannan ta ce, “Na farkon dai... ba ya shan miyar kuɓewa.”

Tana faɗa ta juya da sauri ta faɗa ɗaki ta saki asabari.

Bayaraben ya dube ni. Mutumin da jiya-jiyan nan ya zauna gabana a bukka na share kwano biyu na kuɓewa har ina neman ƙari. Na ga gefen bakinsa yana rawa, na san maganar tana ƙaiƙayinsa har maƙogwaro. Ya haɗiye ta. Ya juya wurin Farfesa ya fassara abin da ta ce, kalma da kalma, ba ƙari ba ragi.

Kwanukan suna nan a kan tabarma ba a kwashe ba: babba mai yauƙi a tsakiya, ƙarami mai ragowar kuka a inda na zauna. Farfesa ya dubi babban, ya dubi ƙaramin, ya dube ni. Ya daɗe yana kallon asabarin ɗakin. Sannan ya ɗora takardar a gwiwarsa ya ja zare tun daga da'irar Yaya har can gefe inda nake ni kaɗai. A karo na farko tun zuwansa ƙasar nan ya ce “madalla” a inda ya dace.

Kaka ta share ido da bakin zane ta ce, “Kai tafinta, ce masa ya ƙara a takardar: waccan da ta gudu surukata ce. Muguwar suruka, ita ke hana shi yi mini cefane.” Matan katanga suka fashe da dariya, har da masu tafi. Takalmina dai ban same su ba, da silifas ɗin direba na koma jami'a.

Aka sabunta mini kwantiragi, shekara ɗaya. Ɗalibai suka zo suka cika gidan, Kaka ta aure mazan cikinsu kaf, taubashina ya sa su noman auduga da sunan bincike. Yaya ce dai ta ji a jikinta. Matan zumunta suka sa ta gaba, in ta shigo sai wata ta ce, “Ku matsa wa mai faɗin ɗa a gaban Bature.” Har Kirsimeti in ta ji sallamata ta ƙofar baya take fita. Bayaraben kuwa ya koma shagon babansa, ya buɗe na biyu da na uku, ya je Makka ya dawo, ya yi tumbi. Duk inda muka haɗu sai ya gaya wa mutane cewa shi kaɗai ne tafintan da ya fassara kansa daga aiki, kuma da ya san haka arziki yake da tun farko ya ajiye aikin da kansa.

Na yi shekaru ina wannan aiki, daga wannan damina zuwa waccan, kafin a tabbatar da ni. Yaya ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ko a ciwonta na ƙarshe, da nake zaune a bakin gadonta, “wancan” take ce wa ƙanwata ta ba ruwa. Ba na jin haushi. Kewarta dai nake yi, sosai.

In na bi ta Funtuwa nakan sauka gidan Bayaraben, wanda yanzu shi ma Alhaji ne. Matarsa ta iya amala, kuɓewarta kuwa tun daga zaure ake jin ƙamshinta. Kullum sai ya tura mini kwanon ya ce, “Ci mana, Malam. Baturen ya koma ƙasarsu, ba mai rubutawa.” Ni kuma in ce a ba ni ko wace miya ce ban da ita. Ina sonta fa, har yanzu yawuna tsinkewa yake in na gan ta. Amma tun ranar nan ban sake sa ta a bakina ba. Sunan da uwata ta kira ni da shi ke nan a gaban mutane, kuma ita ba ta ƙarya.